Abin da ke jawo mayaudara cikin ƙungiyoyinmu

Ga abin da na tattara daga muhawarar da aka yi kan fada (majalisar hirar samari), adashi da ƙungiyoyin unguwa a nan Maradi.

1. Kusan kowa ya yarda kuɗi ne kan gaba. Adashin da mutum ɗaya ke riƙe lissafinsa a ka, shi suke nema. Mutum ya zuba jika biyar sau biyu, ya roƙi kwasar farko da sunan rashin lafiya, sai a neme shi a rasa.

2. Kunya. Wanda kullum shi ke sayen shayi da sukari a fada, wa zai iya tambayarsa ina kuɗin asusu? Wannan ya fi damuna, don da tarbiyyarmu ake cutarmu.

3. Wasu suna kawai suke so, musamman gab da zaɓe.

An rabu kan baƙo. Wasu sun ce kada a karɓe shi sai da mai tsaya masa, wasu suka ce ɗan gida ya fi iya cuta tunda ba a zarginsa.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce tsarin ƙungiyoyin asusun mata na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar nan a 1991: akwati mai kwaɗo uku, makullai hannun mutum uku, a ƙirga kuɗi gaban kowa.