Wa ya dawo da gawo gonakin Maraɗi?

Ɗan Tasawa: Jiya na ji ana yabon Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, wadda aka ƙaddamar a 2007, har a taron Paris na 2021 aka yi mata alkawarin sama da dala biliyan 14. Ni dai ra'ayina: itatuwan da ke gonakin Maraɗi da Damagaram ba kuɗin waje ne ya dawo da su ba. Manomi ne da addarsa. Taimakon ƙasashen waje suna ne kawai.

Malamin Gona: Sannu dai, ƙanena. Sassabin zamanin da kake alfahari da shi, wato renon tohon kututture a gona, wa ya tallata shi? Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, shi ne a 1983 ya lura kututturan da ake sarewa kowace bazara saiwarsu na nan da rai. Ya ce a zaɓi toho ƙwarara, a datse sauran, a bar su su tashi. Hotunan tauraron ɗan adam ma da suka nuna hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, masana na waje ne suka auna.

Ɗan Tasawa: Aunawa daban, Malam, shukawa daban. Kuma barin gawo a gona kakanninmu sun sani tun kafin a haifi Baturen.

Kawun Madarumfa: Ku bari in faɗi abin da idona ya gani. Lokacin yunwar El-Buhari, 1984, ana ba mu hatsi bisa sharaɗin mu bar toho a gona. Wallahi don hatsin muka yi, ba don icen ba. Mahaifina har cewa yake gona mai itace gonar raggo ce, kunya ce a gan ta. Da rabo ya tsaya, da yawa suka koma suka sare. Mu da muka bari, shekara uku muka ga bambanci: a da sai iska ta binne shuka, ka sake, ka sake, wani lokaci har sau uku. Da kalgo da sabara suka tashi, shuka ɗaya ta isa.

Malamin Gona: Ka ji ko? Ba don hatsin agaji ba, Kawu da bai gwada ba.

Ɗan Tasawa: Ka kuma ji cewa da hatsin ya ƙare aka sare! Abin da ya riƙe itatuwan amfanin da aka gani ne. Kafin nan ai an sha zuba kuɗi a dasa turare da darbejiya, yawanci awaki da fari suka cinye.

Hajiyar Damagaram: Ku maza kuna ta gardamar wa ya fara. Ku tambayi mu masu tafiya neman icen girki tun hantsi har azahar. Yanzu datsen reshe daga gona ya isa a hura wuta. Gawo ya kaɗe ganye da damina, gero na samun rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa su ƙosar da tumaki. Ga kuka ta miya, ga dubagira idan rumbu ya yi ƙasa. Amma Ɗan Tasawa, kada ka cika baki. A 2005 itatuwan na nan, duk da haka yara sun kwanta da tamowa a Maraɗi, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta waje, MSF, ne suka zo da abincin gyaɗar nan na leda. Na ga uwa tana matsa wa ɗanta shi a baki yana lasa.

Ɗan Tasawa: Wannan ban musa ba, Hajiya. Ceton rai daban, gyaran ƙasa daban.

Kawun Madarumfa: Akwai abin da duk kuka manta. Da can icen gonarka na gwamnati ne. Ka yanki reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wa zai reni abin da ba nasa ba? Sai da aka sassauta, har dokar gandun daji ta 2004 ta zo, mutane suka saki jiki.

Malamin Gona: To wa ya dinga nuna wa gwamnati hujjar a sassauta, Kawu?

Kawun Madarumfa: Tarar dai daga aljihuna ta fita, yaro. Jaka biyu, a kan gawon da ubana ya bari.