Allunan tallan giya kusa da makarantu: tazarar mita nawa ya dace a sa a doka?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Idan hukumar gari za ta hana kafa allunan tallan giya kusa da makarantu da filayen wasan yara, wace tazara ce ta dace? Wasu na cewa mita 150, wasu 300. Kuma daga ina ake fara awon?

Mai Taswira:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki ta biyu ta fi ta farkon nauyi. A auna daga katangar makaranta, ba daga ƙofa ba, kuma a miƙe, ba ta bin lungu ba. In aka ce daga ƙofa, sai a kafa allo a bayan makaranta, yara na hangensa ta tagar aji, alhali bai karya doka ba. Dokar ƙasar Ayilan ta 2018 haka ta yi: mita 200 daga iyakar makaranta, gidan renon yara ko filin wasa na hukuma, ta fara aiki a Nuwamban 2019. Masu allunan Amurka kuwa ƙafa 500 suka ɗora wa kansu, wajen mita 150, amma ta ganin dama ce, ba tara.

Kafin a zaɓi lamba a zana da'irorin a taswira. Ninka tazara na ninka faɗin wurin kusan sau huɗu, ba sau biyu ba.

Lauyan Gari:
Wannan zanen shi ke ceton doka a kotu. A 2001 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Massachusetts da ta hana tallan taba a cikin ƙafa 1,000 daga makarantu da filayen wasa, domin da'irorin, haɗe da sauran dokokin tsara gari, sun cinye kusan kashi 90 cikin 100 na birane irin su Boston. Ta taba ce, ba giya ba, amma hujjar da lauyoyin kamfani za su ɗauko ke nan. In hani ake so gaba ɗaya, a fito fili a faɗa, kamar yadda Norway ta yi tun 1975.

Dattijo:
Ku dai kula da ma'anar “talla”, nan ake zillewa. Kamfani zai sa giyarsa marar sa maye, tambari ɗaya, launi ɗaya, sai ɗan 0.0 a gefe. Ayilan na fama da wannan. Don haka a rubuta “tambari ko sunan giya”. A ambaci allon lantarki mai sauya hoto, da jikin motocin haya, da rumfar jiran bas, da lemar da kamfani ke raba wa shaguna. Tara ta hau kan mai allo da mai giya duka, kuma ta kullum, in ba haka ba sai su lissafa ta cikin kuɗin haya.

Uwar Biyu:
Na gode Baba. To in allon ya riga makarantar zuwa fa?

Lauyan Gari:
A sa wa'adi a cikin dokar, misali wata 6 daga ranar da makarantar ta yi rajista. Allon ba sai an tumɓuke shi ba, hoton kawai za a sauya.