Me ya sa masu saye a Amurka suka riƙe hannu?

Mai Turare, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu aika abaya da turaren wuta zuwa Amurka suna kukan ciniki ya ja baya, wai bashi ya yi wuya a can. Ina haɗin bashin banki da sayen abaya?

Akanta, Riyad:
Wa alaikumus salam Alhaji. Haɗin yana nan, don Ba'amurke yana yawan yin cefane da katin bashi. Daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023 babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa kashi 5.25 zuwa 5.5 cikin ɗari. Ruwan kati yana bin wannan, har ya haura kashi 20 a shekara, a daidai lokacin da bashin katunan ƙasar ya wuce dala tiriliyan 1.

Ga lissafi. Wanda ake bi dala 5,000 a kan kashi 21, ruwan wata kaɗai ya kai dala 87. Mafi ƙarancin biyan da bankuna da yawa ke karɓa shi ne ruwan da kashi 1 na uwar kuɗi, wato kusan dala 137. A ciki dala 50 ce kawai ta taɓa bashin. Mai irin wannan nauyi haya da mota da abinci zai fara biya, kayan ƙawa su jira Sallah. Wanda ke biyan katinsa duka kowane wata kuwa bai ji komai ba.

Hajiya Ummu Khalil, Makka:
Malam Akanta ya yi bayani, amma abin da ya fi cutar da mutane shi ne rage iyakar kati, wato adadin bashin da banki ya yarda ka ci. Makin amana na FICO, wanda bankuna ke dubawa kafin su ba mutum rance, yana tsakanin 300 da 850, kuma yana duba nawa ka ci daga iyakarka. Ana binka 3,000 a iyakar 10,000, kashi 30 ke nan. Banki ya mayar da iyakar 5,000, ka koma kashi 60 ba ka sayi ko allura ba, maki ya faɗi, rancen mota ya ƙara tsada. Jinkirin kwana 30 kuma yana zama a tarihin mutum shekara 7. Abin tausayi ne wallahi, riba ba ta da imani. Shi ya sa masu saye suka koma kantunan rahusa irin Walmart da Aldi, suna kuma raba biya kashi huɗu ta kamfanonin Klarna da Afterpay, irin Tabby da Tamara na nan.

Akanta, Riyad:
Haka ne Hajiya. Mu ma abin ya taɓa mu: riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, don haka babban bankin Saudiyya, SAMA, kan bi sawun Amurka wajen ɗaga ruwa. Alhaji, masu aikawa su rage girman kwalba, su haɗa odar mutane da yawa a jigila ɗaya, kuma kada kaya su bar Jidda sai kuɗi sun shigo.