Fanka tana juyawa, amma hayaƙin kicin ya ƙi fita

Mai tambaya, daga Aboabo a Kumasi, Gana:
Assalamu alaikum. Ni maƙerin kwano ne, kuma na haɗa wa wata hajiya mai gidan abinci bututun fitar da hayaƙi a kicin ɗinta. Tsawon bututun mita 12 ne, faɗin bakinsa santimita 30, yana da gwiwa uku da na yanka na haɗa a kan kusurwa. A jikin kwalin fankar an rubuta cewa tana jan iska mita kubik 3,000 a awa ɗaya, amma da zarar an ɗora tukunyar wake da shinkafa sai hayaƙi ya cika ɗakin. Ina roƙon masana su faɗa mini ko fankar ce ta jabu, ko kuwa aikina ne ke da gyara.

Amsa ta farko, daga wani injiniya a Asawase:
Wa'alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa fankar ba ta yi maka ƙarya ba, domin lambar da ake bugawa a kwali yawanci ta lokacin da fanka ke juyawa a sarari ce, babu bututu a gabanta. Da an ɗaura mata bututu sai ta fara kokawa da abin da muke kira tsayayyen matsi, wato matsin da iska ke yi wa bangon bututu, kuma gwargwadon ƙaruwarsa gwargwadon raguwar iskar da take fitarwa.

Ga lissafin naka. Bakin bututu mai santimita 30 filinsa kusan murabba'in mita 0.07 ne, saboda haka idan iskar da kwali ya ambata za ta bi ta ciki, sai ta yi gudun kusan mita 12 a sakan ɗaya. A ninka gudun da kansa, a sake ninkawa da 0.6, za a sami matsin gudu na faskal 85 ko kusa da haka (faskal shi ne ma'aunin matsi). Gugar bango a mita 12 za ta ci wajen faskal 60, wanda bai taka kara ya karya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne gwiwoyin nan, domin gwiwa mai kaifin kusurwa tana iya cin faskal 100 ita kaɗai, alhali mai lanƙwasa a hankali ba ta wuce 20 zuwa 25 ba. Idan ka tara su, ka ƙara da ragar tace maiƙo da hular bakin bututu, ka haura faskal 400, kuma fankar bango mai fukafukai ba ta da wannan ƙarfin. Irin wannan aiki na fanka mai ganga ne, wato mai dabaran da ke juyawa cikin akwati mai siffar dodon koɗi, wadda ake zaɓa daga jadawalin kamfani da ke nuna yawan iska a kowane matsi.

Amsa ta biyu, daga wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki:
Kafin ka sayi komai, Masta, ka auna. Ka samo farin tiyo irin na magina, ka lanƙwasa shi biyu, ka zuba ruwa zuwa rabi, sannan ka huda ƙaramin rami a gefen bututu ka manna ɗaya daga bakunan tiyon daidai da bango, ba tare da ya leƙa cikin iskar ba. Kowane milimita ɗaya na bambancin tsayin ruwan kusan faskal 10 ne. Ka auna gaban kowace gwiwa da bayanta, za ka ga wadda ta fi ci. Ka kuma duba injin fankar: idan tsohuwa ce da aka shigo da ita daga Amurka, an ƙera ta don wuta mai zagaye 60 a sakan, tamu ta Gana kuwa 50 ce, don haka iskarta za ta ragu da kashi ɗaya cikin shida, matsinta kuma da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Akwai abin da ban ambata ba: hajiya tana rufe ƙofa da taga saboda ƙurar hunturu.

Injiniya:
To, wannan ma babban dalili ne, domin fanka ba za ta fitar da iskar da ba ta shigo ba. Ka kunna ta, ka buɗe ƙofar kaɗan, idan ka ji iska tana fizgar ƙofar to ɗakin a shaƙe yake. Ka buɗe mata mashiga mai raga a bangon da ke nesa da murhu, wadda ta fi bakin bututun girma sau uku ko huɗu, sannan ka kai awon gwiwoyin zuwa Suwame Magazin, unguwar maƙera da makanikai ta Kumasi, a naɗa maka masu lanƙwasa.