Malami ɗaya ne ko kaka da jika? Ina neman shawara kafin Asabar

Jikan_Alaramma: Assalamu alaikum. Ranar Asabar dangi za su zauna, ni kuma har yanzu ban san abin da zan gaya musu ba. Muna da littattafan kakanninmu a Madabo, rubutun hannu, Larabci da ajami, sun kai 400. Mun ɗauki hotonsu, na shigar da marubuta da masu kwafa da shekaru a Excel. Burinmu a zuba su a tsarin RDF, wato salon rubuta bayanai da kwamfuta ke iya haɗawa, yadda za su haɗu da Wikidata, buɗaɗɗen rumbun bayanai na Wikimedia, mai bincike daga ko'ina ya iya tambaya. Inda na cije shi ne suna guda, Muhammad bn Abdullahi al-Kanawi, ya fito a littattafai 17. Wani an kwafe shi 1280 Hijira, wani 1335. Baffana ya rantse mutum ɗaya ne. Wani dattijo a unguwa ya ce kaka ne da jikan da ya ci sunansa. Wani mai kamfani ya ce zai gina mana tsarin da zai ba kowace magana makin yiwuwa ta hanyar lissafin Bayes, kamar a ce kashi 70 mutum ɗaya ne, a kan naira miliyan 1.2. Ɗaya hanyar, in yi da kaina a Wikibase, manhajar da Wikidata ke gudana a kanta, kowace magana in rubuta wanda ya faɗe ta, ba maki. Ba mu da kuɗin biyan saba, wato kwamfutar da za ta riƙe rumbun a intanet, duk wata. Wanda ya taɓa yi da hannunsa nake so ya yi magana don Allah.

Abba_FarmCentre: Wa alaikumus salam. Yaya ka watsa hotunan a ChatGPT kawai, minti biyar ya ware maka su. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi ka leƙo shago.

Injiniya_Sadiya: Abba, ba kwamfuta ya ce yana nema ba. Ɗan'uwa, abu na farko: OWL, harshen da ake rubuta ƙa'idojin rumbun RDF da shi, ba shi da gurbin "wataƙila". Magana ko tana cikin rumbun a matsayin gaskiya, ko babu ita. In ka rubuta owl:sameAs, wato alamar "abu ɗaya ne", tsakanin sunaye biyu, ka ce wa injin duk abin da ya tabbata a kan wannan ya tabbata a kan wancan, kuma abin yana yaɗo: A shi ne B, B shi ne C, to A shi ne C. Kada ka taɓa shi a kan abin da kake shakka. Ka ba kowane ambato lambarsa daban, 17 ɗin nan. Ba ka yi asarar komai ba, domin OWL ba ya ɗauka cewa lamba daban na nufin mutum daban, ya bar ƙofar a buɗe. Haɗawa daga baya abu ne mai sauƙi, rabawa ce azaba.

Baban_Walid: Injiniya ta taɓo mini inda ke ciwo. Irin wannan aikin ne ya raba gidanmu da gidan da muka yi shekaru muna auratayya. Wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, ta zo tattara tarihin malaman cikin gari. Suka kawo wani ƙwararre daga Abuja da kwamfuta mai tsada. Mu muka buɗe musu adaka, muka yi ta ɗawainiyar abincinsu. Shi kuma ya sa manhaja ta auna kamannin sunaye, duk biyun da suka haura kashi 85 ya liƙa musu sameAs ba tare da ya tambayi ko mutum ɗaya ba. Kakana Umaru ne, na wancan gidan ma Umaru, duk malaman fiƙihu. Aka narkar da su. To a tsarin nasa ya rubuta cewa mutum uba ɗaya gare shi, injin ya ga Umaru da uba biyu, maimakon ya yi ƙorafi sai ya yanke cewa uban nan biyu ma mutum ɗaya ne. Daga nan ya hau kan kakanni. Da aka buga takardar baje koli sai ga sharhin da kakana ya rubuta da hannunsa an jingina wa kakan wasu. Yayana ya je ya yi magana, suka ce kwamfuta ce ta tabbatar. Ranar sunan ɗana ko mutum ɗaya daga gidan bai taka ba. Mun nemi ƙwararren ya gyara, ya ce bai ajiye jerin waɗanda ya haɗa ba, ya zubar da tsohon fayil. Kwangila ta ƙare, waya ta daina shiga. Mahaifiyata har ta rasu tana tambayar ko an mayar wa babanta littafinsa.

Maman_Ilham: Innalillahi. Allah ya jiƙan Hajiya, Baban Walid. Wannan ai cin amana ne.

Jikan_Alaramma: Allah ya gafarta mata. Amma mai kamfanin nan ya ce shi ba zai haɗa ba, maki kawai zai sa.

Baban_Walid: Haka namu ma ya ce da farko.

Dan_Zoo_Road: Miliyan 1.2? An ga gidan malamai an ɗauka akwai kuɗi. Ni na yi wa wata makaranta makamancinsa da manhajar RDF ta Apache Jena a kan dubu 250.

Kabiru_Dev: Dubu 250 a wace shekarar? Saba kaɗai yanzu da dala ake biya. Ni ƙasa da miliyan 2 ba zan taɓa ba, tsaftace sunayen nan kawai aikin watanni ne.

Injiniya_Sadiya: Wikibase Cloud, inda ake ɗora maka Wikibase ba sai ka biya saba ba, kyauta ne, Wikimedia ta Jamus ke riƙe da shi. Protégé na tsara OWL kyauta, OpenRefine na tsaftace sunaye kyauta. Data da lokacinka kawai za ka kashe.

Kabiru_Dev: Kyauta har ranar da abu ya lalace ka rasa wanda za ka kira.

Dakta_AB: Ina ganin ana yi wa lissafin yiwuwa rashin adalci. Abin da ya sami Baban Walid ba laifin lissafi ba ne, an ɗauki maki an mayar da shi hukunci. Fannin nan an daɗe ana aiki a kansa. W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta kafa kwamiti kan rashin tabbas a yanar gizo, ya fitar da rahoto a 2008. Akwai PR-OWL, wato OWL da aka ƙara wa makin yiwuwa, da Paulo Costa ya gina a Jami'ar George Mason a kan hanyar Bayes, akwai Markov logic, mai haɗa ƙa'idoji da lissafin yiwuwa, na Richardson da Domingos a 2006. Amfaninsu shi ne hujjoji su taru: kamannin rubutun hannu, sunan malamin da ya ba da ijaza, irin takardar. 1280 ta faɗo 1863 zuwa 1864, 1335 kuma 1916 zuwa 1917. Mutum ya yi shekara 55 ta Hijira yana kwafa ba mustahili ba ne, amma yana rage yiwuwar, kuma lissafi zai nuna da nawa ya rage.

Dan_Zoo_Road: Dakta, da girmamawa, ka taɓa ɗora PR-OWL a kan saba mutane suka yi amfani da shi? Ya ce wanda ya yi da hannunsa.

Dakta_AB: Na duba ɗalibai a kai.

Dan_Zoo_Road: Wato a'a. Rahoton 2008 ɗin ma bai zama ƙa'ida ba har yau.

Maman_Ilham: Kai ma makaranta ka yi wa, rajistar yara, ba littattafan ƙarni na 19 ba. Ku bar Dakta ya yi magana.

Injiniya_Sadiya: Tambayata ga mai kamfanin ɗaya ce: kashi 70 ɗin daga ina? Bayes yana buƙatar adadin farawa, wato makin da za a fara da shi kafin a duba hujja. Wa ya ƙirga sau nawa jika ke cin sunan kakansa a gidajen malaman Kano? In ba a ƙirga ba, shi zai ƙaga lambar daga kansa, jama'a kuma su ga lamba su ɗauka an auna. A Wikibase sai ka ajiye maganganun biyu gefe da gefe, kowace da madogararta, ka ba ɗaya matsayin fifiko in hujja ta zo, wadda aka rushe ka sauke ta ba tare da ka goge ba. Wikidata ma tana da lambobin dangantaka, P460 don "an ce shi ne wane" da P1889 don "ba shi ne wane ba".

Malam_Na_Koki: Yara, ni ban san injinku ba, amma malamanmu sun rarraba abin nan tun tuni: yaƙini, zato, shakka, wahami. Kuma ba sa karɓar magana sai sun ji daga wa aka ji. Ka je wurin dattijon nan da rikoda tun yana raye, ka tambaye shi wa ya gaya masa. Baffanka ma haka. Sannan ka duba ƙarshen kowane littafi, mai kwafa yakan ambaci malaminsa.

Jikan_Alaramma: Allah ya gafarta Malam, in sha Allah gobe zan je. To matakan nan huɗu, in sa su a matsayin bayani a kan kowace magana, zai yi aiki a SPARQL, harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi?

Abba_FarmCentre: Ni dai kashi 90 na tabbata Dakta da Dan Zoo Road surukai ne.

Dan_Zoo_Road: Sauran kashi 10 ɗin ka riƙe ka sayi fetur ɗin janareta.

Maman_Ilham: Ku kuna ta malaman da suka rasu, mu masu rai fa? Katin shaidata an rubuta Aisha, banki A'ishatu, takardar makaranta Aishat. An rufe mini asusu ana gobe zan biya kuɗin makarantar yara. Na ce wa yarinyar da ke kan kanta ga fuskata ga yatsana, ta ce kwamfuta ta ce ba ni ba ce.

Kabiru_Dev: Anti ai naku da sauƙi. Mu masu Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mohd, kowane ofis da nasa. Babana an sa masa 1 ga Janairu saboda bai san ranar ba, fom ɗin kuma ba shi da gurbin "ban sani ba". A layinmu dattawa nawa ne duk 1 ga Janairu.

Baban_Walid: Can an haɗa mutum biyu, nan an raba mutum ɗaya, kuma duk ba wanda za ka kama.

Jikan_Alaramma: Injiniya, tambayata ta SPARQL fa?

Maman_Ilham: Kabiru, kai da ka gyara naka, takardar rantsuwa ta kotu kawai suka karɓa ko sai da ka buga a jarida? Wani ya ce mini dubu 15, wani ya ce 40.

Kabiru_Dev: Ya danganta da wanda kika tarar a kan tebur. Ki je da sassafe, kafin layi ya kai bakin titi.