Babur ɗin shiga daji yana baƙanta fulogi, totur yana shaƙewa

Mahayin Tudu:
Assalamu alaikum, masana. Babur ne na shiga daji, cc 250, mai kafireta, inji mai bugu huɗu. Aikinsa ƙura ne da yashi, wani lokacin tsallake rafi. Da safe sai an sha fama kafin ya tashi, in ya tashi kuma aka ja totur sai ya shaƙe, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Na sa sabon fulogi, bai jima ba shi ma ya yi baƙi. Ta ina zan fara?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, daina sayen fulogi tukuna, ba shi ne mai laifin ba. Duba bakinsa: in baƙin busasshe ne kamar kunkunniya, fetur ne ya yi wa iska yawa. In jiƙaƙƙe ne mai maiƙo, hayaƙin kuma shuɗi-shuɗi, to inji ne ke shan baƙin mai, wannan maganar ringin fistin ce. Yadda ka faɗa, na farkon ne, kuma matatar iska zan fara zargi.

Ciro soson matatar a hankali kada ƙura ta zuba ciki, ka toshe bakin bututun da ke zuwa kafireta da tsumma mai tsabta. Wanke soson da kalanzir, sannan da ruwan ɗumi da sabulu har ruwan ya fito fari. Matse shi a tafin hannu, kada ka murɗe shi, yagewa yake yi. Ka bar shi ya bushe ƙarau a inuwa. Sai ka shafa masa man matata, mai danƙon nan, ka mulmula shi har ya ratsa ko'ina, ka matse rarar. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: mai ya yi yawa, iska ba ta wucewa, ya yi kaɗan, ƙura ta wuce. Shafa giris siriri a leɓen soson da ke zama kan akwatin matatar kafin ka mayar. A ƙura mai yawa, bayan kowace fita ake duba shi. Kada ka manta ka ciro tsumman.

Injiniya Sarƙa:
Maganar Oga daidai ce, amma ba ta warware wahalar tashi da safe ba. Injin da fetur ya yi wa yawa ba ya cika gardama in yana da sanyi. Sa yatsa a cikin robar da ke tsakanin matata da kafireta. In ka ji ƙasa-ƙasa, to inji ya sha ƙura, ita kuwa bawul ɗin shigar iska take ci. Yana cinyewa yana nutsewa cikin mazauninsa, tazarar da ke tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi tana raguwa, har ya daina rufewa sosai, matsi ya zube.

A auna tazarar lokacin da inji yake da sanyi. Juya inji har alamar T, mai nuna fistin ya kai ƙololuwa, ta zo daidai, fistin yana sama a bugun matsi, sannan ka zura fila geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara. A irin waɗannan babura tazarar ba ta cika fita tsakanin milimita 0.05 da 0.15 a ɓangaren shiga ba, amma adadin da ke littafin babur ɗinka za ka bi. In an gyara ta sake matsewa nan da nan, bawul ɗin ya gama aiki.

Mai Sifana:
Tunda akwai rafi a maganar, rufe fetur, kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta, ka tare abin da ya zubo a kwalba. Ruwa zai kwanta a ƙasa, fetur a sama. In fetur na ɗiga ta bututun rara, allurar da ke tsayar da shi ce ta maƙale da datti, shi ma yana baƙanta fulogi. Jet kuma, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da fetur ke bi a cikin kafireta, da iska ake hure shi, ba a sa waya, domin tana faɗaɗa ramin. Duba baƙin mai: in ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, kada ka sake tayar da shi sai ka juye, ka canza har da matatar mai.

Mahayin Tudu:
Na gode, Allah ya saka. Oga, fetur ba zai wanke soson ba?

Tsohon Bakanike:
Zai wanke, amma yana cin gam ɗin da ya haɗa soson, ga haɗarin gobara. Tsaya kan kalanzir. In ka ɗaga soson a haske ka ga ɗinkin ya fara buɗewa ko yana marmashewa, sayi sabo.