Ruwa a cikin ginshiƙi zai hana gobara kayar da dogon bene?

Mai Walda: Salamu alaikum jama'a. Jiya yarona ya riƙe ledar fiya wata a kan kyandir, ruwan ya yi zafi, ledar ko hujewa ba ta yi ba. Na ce ashe maganin gobarar benayen ƙarfe a fili yake: a yi ginshiƙai masu rami, a ɗura musu ruwa. Na rantse da haka aka yi wa tagwayen benayen New York da aka kai wa hari da jirage, da 2001 ba ta ga bayansu ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Kai dai ba ka rabo da rantsuwa. Ƙarfe kuma ina ruwansa da wuta?

Injiniya: Kawu, da ruwansa. Narkewa kam sai wajen digiri 1,500, amma da ya kai 600 ya zubar da kusan rabin ƙarfinsa, ga kaya a kansa, sai ya lanƙwashe. Mai Walda shaida ne, da wuta yake tanƙwara ƙarfe kullum. Dabarar tasa kuma an riga shi. Akwai U.S. Steel Tower a Pittsburgh ta Amurka, hawa 64, an buɗe shi a 1971. Ginshiƙansa 18 na waje cike suke da ruwa, an haɗa da sinadarin hana daskarewa da na hana tsatsa. Duk inda wuta ta lasa, ruwan wurin ya ɗau zafi ya yi sama, mai sanyi ya maye gurbinsa. Cibiyar Pompidou ta Paris, ta 1977, ita ma haka aka yi mata.

Mai Walda: To kun ji! Ni da Turawa bakinmu ɗaya.

Injiniya: Dakata mana, ban dire ba. Ruwa nauyi gare shi. Benen nan tsayinsa mita 256, in ka bar ruwan a tsaye daga sama har ƙasa, matsin da ke gindi ba kaɗan ba ne. Dole aka raba ginshiƙan kashi-kashi, kowane kashi da ruwansa.

Malama: Ni rantsuwar ce ta tsaya min a rai. Mai Walda, ka manta da bene na uku da ya faɗi ranar harin, Gini na 7 da ke kusa da tagwayen, mai hawa 47. Jirgi bai taɓa shi ba, ɓaraguzai ne suka kunna masa wuta, ta ci kusan awa 7, ya zube da yamma. Rahoton 2008 na NIST, hukumar Amurka da ta binciki faɗuwar, ya ce bim-bim, wato ƙarafan kwance da ke ɗauke da dakin (daɓen kowane hawa), su ne suka miƙe saboda zafi, suka ture wani babban bim daga mazauninsa a jikin ginshiƙi mai lamba 79. Dakin ya rufta kan dakin, ginshiƙin ya tsaya shi kaɗai ba madogara, ya lanƙwashe. To ko ƙanƙara ka zuba a cikin ginshiƙin, me ta tsinana wa bim? Shi bim ɗin ma ba rami gare shi ba.

Mai Walda: Ranki ya daɗe, ni tagwayen na ce. Su ai ginshiƙansu na waje kamar akwati suke, da rami.

Malama: Haka ne, kuma su jirgin ya fara datsewa, ya haɗa da bututun ruwan kashe gobara. Koma ka sa yaronka ya huda ledar nan da allura, ya mayar kan kyandir, ka zo ka ba mu labari.

Kawu: Ni nawa tsoron ba jirgi ba ne. Wa zai riƙa leƙa tankin ruwan ginshiƙan shekara hamsin? A ma'aikatar da na yi aiki, ranar da sito ya kama muka ruga muka murɗa famfon gobara, sai huci ya yi mana kamar tsohon kumurci. Da bokiti muka ƙare.

Injiniya: Shi ya sa benayen da aka yi wa wannan dabara 'yan ƙalilan ne, Kawu. Akasari feshi ake yi wa ƙarfen, ko a rufe shi da allon jibsin, ko a shafa fentin da ke kumbura in ya ji zafi. Waɗannan ba sa neman tanki, kuma suna hawa kan bim. Na ruwa kuwa kowace gaɓa sai waldarta ta riƙe ruwa har ƙarshen ran ginin.

Mai Walda: In dai walda ce matsalar a kawo min. Tawa ba ta yoyo.

Kawu: Tankin da ka haɗa min bara fa? Har yanzu baho ne a ƙarƙashinsa.